Wa Zai Faɗa wa Matameye Abin da Ya Faru a Fagen Daga?

Daren Laraba, 26 ga Yuli 2023, hafsoshi goma suka bayyana a gidan talabijin na ƙasa da ke Yamai. Tara suna tsaye, ɗaya na zaune da takarda a gabansa, sanye da shuɗin kakin sojan sama. Shi ne Kanal-Manjo Amadou Abdramane. Cikin 'yan mintoci ya karanta cewa mulkin Shugaba Mohamed Bazoum ya zo ƙarshe, an rufe iyakokin ƙasa, an sa dokar hana fita da dare. Da Faransanci ya karanta.

Matameye na da nisan kusan kilomita 900 daga inda aka karanta wannan takarda, kuma mafi yawan mutanenta ba da Faransanci suke kwana suke tashi ba. Labarin ya iso musu ne ta bakin wasu: mai fassara a rediyo da asuba, ɗan makaranta da ya kalla a wayarsa, saƙon murya daga ɗan'uwa a Yamai ko Kano. Kwana huɗu bayan nan ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka garƙame iyakar Ɗan Barto da Kwangwalam, wadda ita ce hanyar Daura da Kano, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris 2024. A watan Agustan waccan shekara babu majalisar da ba a zancen yaƙi: za a shigo, ba za a shigo ba, an ga tankoki a wuri kaza. Mai rake da mai gyaɗa, direban haya da ɗan canji, kowa ya kasa kunne yana jiran abin da soja zai faɗa, domin kalmar da ta fito daga bariki ita ke yanke farashin buhun masara washegari.

Abin da wannan lokaci ya nuna shi ne magana da yawun soja sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake koyo, ake gwanancewa a kanta, kuma ake iya ɓata ta. A ganina, gari irin Matameye ne ya fi dacewa a auna wannan sana'a da shi. Mutumin nan kunnensa biyu: ɗaya na jin Muryar Sahel da Anfani ta Damagaram, ɗaya na jin Rediyon Kaduna da tashoshin Kano. Yana da dangi a ɓangarorin iyaka biyu. Duk abin da aka ɓoye masa da safe, kafin la'asar ya ji shi ta wata ƙofa. Kakakin da zai iya riƙe amanar wannan mai sauraro, zai iya riƙe ta kowa.

Aikin da ba a gani a talabijin

Jama'a sun fi sanin kakakin soja a ranar juyin mulki. A Nijar an ga haka a 18 ga Fabrairu 2010, ranar da Kanal Goukoye Abdoulkarim ya sanar da kifar da Shugaba Mamadou Tandja. Amma wannan rana ɗaya ce cikin dubu. Sauran ranakun aikin na gumi ne da haƙuri. Akwai mai ɗaukar hoto da ke bin ayarin sojoji cikin ƙura, kyamara a hannu, bindiga a kafaɗa. Akwai mai rubuta sanarwa, wanda sai ya buga wa kwamandan da ke daji waya, ya tabbatar da sunan ƙauye da adadin mutane, sannan ya jira sa hannun manya. Akwai masu shirya mujallar rundunar, irin Béret Vert a Nijar da Soja a Najeriya, inda ake buga labarin ƙarin girma da horo da ta'aziyya. Akwai wanda aikinsa shi ne ya zauna da sarki da liman da shugabar mata kafin sojoji su kafa shinge a hanyar kasuwa, ya yi musu bayanin dalili. Yanzu kuma an ƙara da wanda ke zaune gaban kwamfuta dare da rana, yana lura da abin da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin labarin yaƙi a rubuce. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu 1939, Abubakar Imam na editanta, watanni kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Lokacin da aka kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su Bama, wannan jarida ce ta zama gada tsakanin soja da gida. Turawan mulki sun so ta don farfaganda, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma abin da ya sa mutane suka riƙe ta shi ne Hausarta: an rubuta ta yadda tsoho a zaure zai ji ya gane, kuma an bai wa masu karatu fili su aiko da wasiƙa. Turawan sun gane tun a lokacin cewa ba a kai ɗan mutum yaƙi a bar ubansa cikin duhu. Shekaru fiye da 80 bayan haka, har yanzu wannan darasi bai gama zaunawa ba.

Lissafin gawa

Wurin da sana'ar ta fi tsanani shi ne ranar da aka yi asara. A 10 ga Disamba 2019 aka kai hari sansanin Inates, sojojin Nijar 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan nan, a 9 ga Janairu 2020, aka afka wa Shinagodar, ita ma a jihar Tillaberi. Sanarwar farko ta ce sojoji 25 ne suka rasu. Kafin gwamnati ta sake magana, kamfanonin dillancin labarai na waje sun riga sun ba da adadi mafi yawa. A 12 ga wata gwamnati ta tabbatar da 89, ta sa zaman makoki na kwana uku, washegari aka sauya babban hafsan sojoji.

Ba lallai ne adadin farko ya zama ƙarya ba. Bayan hari ana samun waɗanda suka warwatsu cikin daji, ana samun gawarwakin da ba a gano ba sai daga baya, layin waya ma sau da yawa an lalata shi. Amma a duba kwanakin ukun nan daga tsakar gidan da ke da ɗa a Tillaberi. Uwa ta ji an ce 25, ta ɗan samu sa'ida, ta ce ƙila nata ba ya ciki. Sai ta ji 89. Daga ranar nan, duk sanarwar da ta sake fitowa daga Yamai, a zuciyarta ninka ta take yi sau uku. Gwanin kakaki ya san wannan, shi ya sa ake koya masa ya ce "zuwa yanzu", ya ce "ana ci gaba da nema", ya faɗi lokacin da zai dawo da ƙarin bayani, kuma ya dawo ɗin. Waɗannan 'yan kalmomi su ne ke raba kuskuren da ake yafewa da wanda ba a mantawa.

Gundumar Kance, inda Matameye take, ta san ɗacin jiran labarin mutuwa daga nesa. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, kuma akasarinsu 'yan wannan yanki ne. Ba yaƙi ba ne, ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Na kawo shi ne don a tuna cewa mutanen da ake yi wa sanarwa ba taron jama'a ba ne marar fuska. Gidaje ne da suka taɓa zama suna ƙirga kwana, suna tambayar duk wanda ya sauko daga mota.

A ƙetaren iyaka ma akwai abin koyo. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, hedikwatar tsaron Najeriya, ta bakin Manjo Janar Chris Olukolade, ta ce an kuɓutar da duka sai takwas. Iyaye da shugabar makarantar suka ce ba haka ba ne, ala tilas aka janye maganar. Haka aka yi ta sanar da mutuwar Abubakar Shekau ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, shi kuwa yana fitowa a bidiyo, har ya mutu a watan Mayu 2021. Kowace irin wannan sanarwa kyauta ce ake miƙa wa abokin gaba, domin ita ke sa a gaskata shi a ƙaryata hukuma.

Sai kuma Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, inda jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi a daren 3 ga Disamba 2023, aka binne aƙalla mutum 85. Rundunar ta amsa cewa ita ce, kuma babban hafsanta, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je har ƙauyen ya nemi gafara. Wannan bai dawo da rai ko ɗaya ba, bai kuma ɗauke wa hukuma nauyin bincike da diyya ba. Amma ya bar ƙofar magana a buɗe tsakanin soja da mutanen wurin. A kwatanta da 9 ga Afrilu 1999, ranar da masu gadin fadar shugaban ƙasa suka harbe Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin Yamai, Firaminista Ibrahim Assane Mayaki ya fito ya kira abin da mummunan haɗari. 'Yan Nijar da suka ji wannan furuci da kunnensu har gobe ba su manta da shi ba.

Salula a aljihun soja

A da, labari na fita daga bariki ta ƙofa ɗaya. Yau kowane ƙurtu na da salula, kowace salula kuwa ƙofa ce. Wannan ne ya sa horon shafukan sada zumunta ya shiga cikin horon soja, kuma ɓangare biyu gare shi: abin da soja zai kiyaye, da abin da kakaki zai iya.

Na farkon batun rai ne. Hoto ɗaya da aka ɗauka don a burge budurwa na iya nuna yawan motoci, inda aka girke babbar bindiga, da dutsen da zai sa a gane wurin. A watan Janairu 2018 aka gano cewa taswirar manhajar motsa jiki ta Strava na fallasa sansanonin soja a ƙasashe da dama, saboda sojoji na sassarfa da na'ura a ɗaure a hannu. A daren shiga shekarar 2023 makamai suka faɗa wa wani gini a Makiivka da ke gabashin Yukren, ma'aikatar tsaron Rasha ta ce sojojinta 89 suka mutu, kuma ita da kanta ta ɗora laifin kan amfani da wayoyin hannu. Horon nan bai tsaya kan soja ba, ya kamata ya kai ga iyalinsa. Matar da ta rubuta a dandali cewa maigida ya tashi daga Damagaram zai nufi Diffa gobe da asuba, a taya su da addu'a, da zuciya ɗaya ta yi, amma ta faɗi rana da hanya.

Akwai kuma abin da ya shafi mutunci. Yarjejeniyar Geneva ta uku, ta 1949, ta hana a mayar da fursunan yaƙi abin kallo. Addininmu ma ya hana wulaƙanta gawa. Duk da haka, bayan kowane hari sai ka ga hotunan matattu na yawo a waya, na soja da na maharan, wani lokaci ma ta nan iyali ke fara ganin fuskar ɗansu. Babu rundunar da ta san ciwon kanta da za ta bari WhatsApp ya riga jami'inta isa ƙofar gidan mamaci.

Ɓangare na biyu shi ne fasahar tantance gaskiya: gane tsohon bidiyo da aka sake masa suna, gane hoton wata ƙasa da aka ce na nan ne, gane muryar da aka haɗa da na'ura. Sahel ta zama filin wannan kokawa. A watan Afrilu 2022 sojojin Faransa suka fitar da hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauka kusa da sansanin Gossi a Mali, suna zargin sojojin hayar Wagner da binne gawarwaki don a shafa musu kashin kaji. Hukumomin Bamako kuma suka zargi Faransa da leƙen asiri. Ko da wanne ɓangare mutum ya yarda, abu ɗaya ya fito fili: hoto ya zama makami, kuma rundunar da ba ta da masu iya karanta shi a hannun wasu take.

Kakaki da ɗan jarida

Kada saurayin da ke sha'awar wannan aiki ya ruɗi kansa: ɗan jaridar soja soja ne, yana ƙarƙashin umarni, ba ya buga abin da kwamanda ya hana. Ɗan jaridar gari kuma aikinsa ya tambayi abin da ba a so a tambaya. Saɓani tsakaninsu ba ya ƙarewa. A 6 ga Janairu 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan wani rahoto game da shirin ƙwato Baga, suna cewa an tona asirin yaƙi. A Nijar, Moussa Kaka ya yi fiye da shekara a tsare daga Satumba 2007 saboda hulɗarsa da 'yan tawayen arewa a bakin aiki. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta 2023. A watan Yuni 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet. A watan Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku kan rahoton wani hari a Tillaberi wanda gwamnati ta musanta.

Sirrin yaƙi gaskiya ne, kuma akwai rahoton da kan jawo asarar rayuka. Amma ni dai na yi imani cewa rufe baki ba ya rage wa kakaki aiki, ƙara masa yake yi. Idan aka kashe tasha a zangon FM, mutumin Matameye yana da gajeren zango, yana da intanet, yana da ƙanin da ke Daura. Gurbin da ɗan jarida mai suna da adireshi ya bari, saƙon murya marar uba ne ke cike shi, wanda ba a san wa za a kama ba idan ya yi ƙarya. Rundunar sojan Nijar na fitar da bayanan ayyukanta a kai a kai, ana karantawa a kafafen gwamnati, kuma wannan ci gaba ne. Darajar bayanan za ta ƙaru ranar da ɗan jarida zai iya ɗaga hannu ya tambayi abin da ba a rubuta a ciki ba.

Ta ina ake shiga?

Ɗan Matameye da ke son wannan hanya, ƙofa biyu ke gabansa, kuma sai ya bi ta dukansu. Ta farko ita ce kaki: makarantar ƙananan hafsoshi ta ENSOA a Agadas, ko ta manyan hafsoshi, wadda aka fi sani da EFOFAN. Ta biyu ita ce ilmin aikin jarida, wanda a Nijar aka daɗe ana samu a makarantar da aka fi sani da IFTIC a Yamai. Jami'ar André Salifou na nan kusa a Damagaram ga mai neman tushe na karatu, kuma garin ne mazaunin yankin tsaro na 3. Ma'aikatar tsaro na da sashenta na yaɗa labarai da hulɗa da jama'a. Buƙata kuwa ƙaruwa take yi: a 2020 gwamnati ta bayyana shirin ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Kowane sabon ƙurtu na nufin sabon gida da ke jiran labari.

Najeriya ta yi nisa wajen mayar da aikin sana'a. Tana da makaranta ta musamman, NASPRI, tana ɗaukar masu digiri kai tsaye ta ba su muƙamin hafsa, tana da gidan rediyon sojoji a Abuja. Birgediya Janar Sani Kukasheka Usman, wanda ya yi magana da yawun sojan ƙasa daga 2015 zuwa 2019, a Jami'ar Bayero ta Kano ya karanci aikin jarida, kuma masu sauraron sassan Hausa sun san muryarsa domin da harshensu yake amsa tambaya. Amurka na da irin wannan makaranta, DINFOS, a Fort Meade. Ɗan Nijar ba zai shiga sojan wata ƙasa ba, amma babu abin da ya hana Nijar gina nata tsarin da ya kai wannan.

Abin da ɗan wannan yanki ya fi wasu da shi kuwa, a bakinsa yake. A 25 ga Disamba 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi doguwar hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasa, inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa. Mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, da Hausa ya mayar da martani yana musantawa. Ƙasashe biyu suka yi muhawarar tsaro mafi zafi ba da Faransanci ko Ingilishi ba, kuma hirar ta zaga wayoyin Kano da Katsina kamar yadda ta zaga na Maraɗi da Damagaram. A watan Maris 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Iya Hausa a kasuwa dabam, iya ta a sanarwar soja dabam. Ana buƙatar wanda zai rubuta sanarwa da Hausa tun daga farko, ba ya jira a gama da Faransanci sannan a miƙo masa ya juya ba; wanda ya san bambancin "an kashe" da "sun rasu" da "sun yi shahada" a kunnen uwa; wanda ya san cewa idan aka ambaci ƙabilar maharan a sanarwa, makiyayin da bai ji ba bai gani ba ne zai sha tsangwama a kasuwar dabbobi. A yankin da manomi da makiyayi ke raba rijiya da burtali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma yawancin masu sauraro ba karatu suke yi ba, ji suke yi, don haka sanarwar da ba ta zama murya ta minti biyu da za a iya turawa a waya ba, rabin jama'a ba ta iske su ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Akwai gidajen rediyon al'umma a karkarar Damagaram, akwai sarakuna da limamai da ake jin maganarsu, akwai matasa masu baccalauréat da ke zaune ba aiki, sun kuma iya waya fiye da iyayen gidansu. Yankin tsaro na 3 na iya ware hafsa guda da 'yan ƙananan jami'ai da aka horar, su riƙa zagaya Matameye da Magarya da Mirya, su zauna a rediyo su amsa kiran masu sauraro kai tsaye, su koya wa matan sojoji abin da ba a turawa a waya, su kuma riƙe lambar kowane gida da ke da ɗa a Diffa ko Tillaberi.